Wasila Mai Hayar Littattafai

Duk matar da ta yi zaman aure a Unguwar Rogo ta Sakkwato shekaru ashirin da suka wuce, in dai ta iya karatun boko, da wuya a ce ba ta taɓa cire takalmi a ƙofar ɗakin Wasila ba. Gidan haya ne na ƙasa da aka shafe da siminti, yana cikin wani lungu da ko keke napep ba ya iya shiga. Ɗaki biyu suke riƙe da shi ita da mijinta Audi, ɗaya na kwana, ɗayan kuwa tun daga ƙasa har kusa da rufi littattafai ne.

Wasila 'yar mahauta ce, mahauci kuma ta aura. Ta gama firamare, ta yi 'yan shekaru a sakandaren 'yan mata, daga nan ita da Audi suka daidaita kansu aka ɗaura. Karatun labarai ta same shi ne ta hannun wanta Jafar, wanda ke bin motocin shanu zuwa Kano. Duk tafiyar da ya yi sai ya dawo mata da littafi ɗaya ko biyu a aljihun riga, irin ƙananan nan masu hoton mata a bango, suna warin dabbobi da man mota. Kafin ta yi haihuwar fari ta cika akwatin ƙarfe da su.

Maƙwabta suka fara aro. Wasu su dawo da shi babu bango, wasu su ce yaro ya jefa a ruwa, wasu ma ba a sake jin labarin ba. Ran nan Audi ya dawo daga mahauta ya same ta tana ta ƙunƙuni a kan wani littafi da aka yaga mata shafin ƙarshe. Ya ce mata shi bai taɓa ganin inda ake ba da kaya kyauta kuma a zauna ana kuka ba. In tana son a riƙa mutunta mata su, ta sa musu kuɗi. Da wannan maganar sana'ar ta fara. Naira biyar a kwana, in littafin sabo ne goma.

Abin ya karɓe ta. Audi ya kira kafinta ya buga mata kanta a bango uku. Jafar ya daina kawo ɗaya ko biyu, ya koma kawo kwali. Kowane littafi ya shigo sai ta yi masa riga da takardar buhun siminti, ta ɗinke bayansa da allura da zare mai ƙwari, ta rubuta sunansa da babban baƙi. Ta san wadda ke son labarin da ke sa kuka, ta san wadda in babu aljanu a ciki ba za ta karanta ba. Da la'asar ta yi, ɗakin yakan cika. Mata su shimfiɗa tabarma, yara na rarrafe tsakaninsu, a yi ta gardama kan ko wance ta kyauta da ta koma gidan mijinta, kamar dai wancen tana zaune a bayan layi. Wata ba ta zo karɓar komai ba, hira ce ta kawo ta. Daga wannan ɗakin Wasila ta yi wa 'yarta ɗaya tilo, Halimatussa'adiyya, kuɗin makaranta, daga nan kuma ta haɗa mata mafi yawan kayan ɗaki da aka zo aurenta zuwa Birnin Kebbi.

Cikin masu zuwa babu kamar Adawiyya. Malamar firamare ce, ta girmi 'yar Wasila da kaɗan, kuma cin littafi take yi kamar wuta. Ko bayan da mijinta, wani ma'aikacin gwamnati, ya sami gida can unguwar Arkilla suka tashi, ba ta daina ba. Duk Asabar sai ta hau keke ta zo da jaka, ta sauke na wancan makon ta ɗebi wasu.

Ba rana ɗaya abin ya lalace ba, shi ya sa Wasila ta daɗe ba ta gane ba. Da farko 'yan mata ne suka ragu. Ta ɗauka ko fina-finai ne suka ɗauke musu hankali. Sai matan aure ma suka fara jinkiri, mai zuwa kullum ta koma sau ɗaya a mako, mai zuwa a mako ta koma sai an haɗu a gidan suna ta ce tana nan tafe. Adawiyya kanta ta yi wata biyu ba ta leƙo ba. Ranar da ta zo, babu jaka a hannunta.

Bayan sun gaisa ta zauna a bakin tabarma tana ɗan kame-kame, sannan ta ciro wayarta, irin mai faɗin nan da ake shafawa, ta miƙa wa Wasila. Rubutu ne cike da fuskar wayar, Hausa tsantsa. Ta ce yanzu a nan ake karatu. Marubutan suna sakin labari shafi-shafi a guruf, wato zauren hira na cikin waya, wani kyauta, wani a tura musu ɗan kuɗi. Ta ce abin da ke cikin wayar nan tata ya fi abin da ke kan kantar bango guda.

Wasila ta juya wayar a hannunta, ta ce, "To in kin gama karantawa, wa kike mayar wa?"

Adawiyya ta yi dariya. "Yaya Wasila, ai ba a mayarwa. Yana nan ciki."

Wasila ta yi dariyar ita ma, ta miƙa mata abarta. A ranta ta ce yayi ne, zai wuce. Wa zai ƙura wa gilashi ido ya bar takarda?

Bai wuce ba. Jafar ya dawo daga wata tafiya da littattafai 'yan kaɗan a leda, ya ce mata iyakar sababbin da ya samu ke nan. Rumfunan da ya saba saye a Kano wasu sun rufe, wasu sun koma sayar da kayan makaranta. Takarda ta yi tsada, marubuta sun daina bugawa, kuma ɗan abin da aka buga kuɗinsa ya kai na kwanon gero. Ta lissafa a ranta mutum nawa za su hayi littafi kafin ya mayar da kuɗinsa, ta ga ba ta da mutanen. Daga wannan tafiyar ba ta sake ba shi saƙo ba. Shi ma bai jima ba ya bar bin motocin, don hanya ta daina daɗi.

Haka ta yi shekaru tana buɗe ɗakin da safe tana kaɗe ƙura. Akwai tsofaffin abokan hulɗa 'yan ƙalilan da ba su da babbar waya, su ne ke zuwa, su ma sun karance komai, maimaici kawai suke yi. Ba ta iya karɓar kuɗinsu a kan littafin da ta san sun haddace, sai ta ce su tafi da shi kawai. Ita kuwa ta ci gaba da karatunta. Idonta ya fara rauni, ta sayi tabarau a kasuwa, tana zama bakin ƙofa inda haske ya fi yawa.

Sai mai gidan da suke haya ya rasu. Magada suka ce sayarwa za su yi a raba, suka ba 'yan haya wa'adi. A lokacin kasuwar Audi ma ta ja baya. Shanu sun yi tsadar da ba ya iya yanka shi kaɗai, sai dai su haɗa hannu su uku ko huɗu. Neman ɗaki biyu a wani wuri ya fi ƙarfinsa. Ƙanensa Mani ya ba su ɗaki ɗaya a gidansa, can ƙasan unguwar. Audi ya je ya gani ya dawo, ya gaya mata gaskiya: gado da akwati in sun shiga, ko tabarmar salla sai an karkata.

Ba ta yi masa gardama ba, don ta san ba shi da laifi. Ta yafa mayafi washegari ta hau keke zuwa Sama Road, wurin wani mai shago da ake kira Gazali, wanda a da takan sayi littattafai a hannunsa in Jafar ya yi jinkiri. Ta tarar allon shagon bai canza ba, amma ciki injin hoton takardu ne da rigunan waya da caja rataye a bango. Gazali ya gane ta, ya ba ta kujera, ya saurare ta har ta gama. Sannan ya nuna mata wasu kwalaye a ƙarƙashin tebur.

Ya ce, "Hajiya, wanga duk nawa na. Shekara da shekaru suna nan, ba wanda yat tambaya. In na amshi naki, ina zan kai su?"

Ta gwada wata makarantar kuɗi da ke kusa, aka ce mata su littattafan darasi suke so. Ta aika gida-gida cewa duk mai so ta zo ta ɗiba kyauta. Mata suka zo, sun fi yawa don yi mata jaje, kowacce ta ɗauki biyu ko uku don kada ta ji babu daɗi. Kantar ko alamar raguwa ba ta yi ba.

Adawiyya ce ta kawo shawarar. Ta ce tun da dai wurin ajiya ne babu, ta sayar da su ko nawa ne, ta cika ta sayi waya. Ba nauyi, ba ƙura, ba gara, kuma duk inda ta shiga suna tare da ita. Ta ce da kanta za ta zuba mata labarai har sai ta ce ya isa. Wasila ta kwana biyu tana juya maganar. Ba ta ga wata mafita ba.

Masu sayen tsohuwar takarda suka zo da sikeli da kurar ɗaukar kaya. Ba su buɗe ko ɗaya ba. Babbansu ma cewa ya yi rigunan buhun simintin da ɗinkin zaren aiki za su ƙara musu, don masu ƙosai da masu gyaɗa falle-falle suke so. Wasila ta ware buhu ɗaya na waɗanda ta fi ƙauna, ta shiga ɗakin kwana ta bar Audi ya tsaya a kan awon sauran. Abin da aka ba shi bai kai rubu'in kuɗin waya ba. Ta sayar da katakon kantar, ta haɗa da 'yan kunnenta na zinariya ƙanana da ta daɗe tana ɓoyo, aka sayo mata waya ta hannu, wadda wani ya riga ya yi amfani da ita.

Gaskiya ita ce, watannin farko ta ji daɗinta, kuma ba ta ɓoye ba. Adawiyya ta nuna mata yadda ake buɗa yatsu biyu rubutu ya yi manya, har ta ajiye tabarau. Tana jiran tuwo ya sulala tana karatu. Ta je asibiti ganin ido ta yi zaman layi ba ta san lokaci ya tafi ba. Ba sai ta jira wata da watanni kafin kashi na biyu ya iso daga Kano ba. Ta taɓa ce wa Audi da ta san haka abin yake, da ba ta ɓata wa kanta rai ba.

Sannu a hankali ta fara gane inda kuɗin yake. Labarin zai fara kyauta, sai ya kai inda ba a iya ajiyewa a ce daga nan sai an biya. Kuɗin ba shi da yawa in an gwada da na takarda, amma ita da ba ta da asusun banki sai ta je wurin mai POS, shi ma ya cire nasa. Ga data, wadda ke ƙarewa ko ta yi karatu ko ba ta yi ba. Ga wuta da kan yi kwanaki ba ta zo ba, sai an kai wayar shagon caji an biya. Abin da ya fi tsaya mata shi ne, a da in ta sayi littafi, littafin ne ke ciyar da ita. Yanzu ita ke ciyar da shi. Ta yi tunanin ko za ta riƙa tura wa mata suna ba ta wani abu, sai ta ga marubutan na rubutawa a saman kowane shafi cewa duk wadda ta fitar musu da labari ba su yafe ba. Wannan ya ishe ta. Ko ba haka ba ma, matan gidan Mani sun gaya mata akwai inda suke samun komai ba ko sisi.

Ta kuma nemi tsofaffin labaranta, waɗanda suka tafi a kura. Ta riƙa faɗa wa Adawiyya sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Kaɗan aka samu, su ma hoton shafuka ne da wani ya ɗauka a karkace, wani wurin da inuwar yatsansa, wani wurin an tsallake shafi. Mafi yawansu babu su ko'ina. Adawiyya ta ce ai na da ne, ba wanda ya damu ya ɗora su. Wasila ta ce ba komai, tana da buhunta.

Buhun yana cikin wani ɗan ɗakin ajiya a zauren gidan Mani, tare da tsofaffin kwanoni da buhunan gawayi. Da damina ta wuce ta je ta jawo shi don ta shanya. Tana ɗagawa gindinsa ya zube. Rufin ɗakin ya yi yoyo ba wanda ya lura, takardun suka jiƙe suka manne, gara kuma ta shiga ta yi gini a ciki. Ta durƙusa tana ɓamɓarowa ko za ta sami mai rai. Abin da ta tsira da shi bangwaye ne da 'yan shafukan tsakiya da ba su da farko ba su da ƙarshe. Matar Mani ta tsaya a kanta tana ta ba ta haƙuri. Wasila ta ce mata ta kawo tsintsiya.

Wayar ta kai ta bazara ta biyu. Zafin Sakkwato na wannan shekarar ya yi tsanani, batirin ya fara kumbura har bayan wayar ya ɗaga. Tana cikin tsakiyar wani dogon labari da ta biya kuɗinsa, fuskar ta ɗauke, ba ta sake kawowa ba. Audi ya kai wa mai gyara a kasuwa. Aka canza batir, bai yi ba. Mai gyaran ya ce injin ne ya ƙone, kuma kuɗin wani injin ya kusa kuɗin wata wayar. Audi ya tambaye shi littattafan da ke ciki fa. Ya ce sun tafi tare da injin. Ya cire layin ya sa masa a takarda.

Da ta kira Adawiyya da ƙaramar wayar Audi, Adawiyya ta kwantar mata da hankali, ta ce yawancinsu ana iya sake samu, waya kawai za ta saya. Wasila ta aika aka tambayo. Irin wadda ta saya a da, ta hannun ma, kuɗinta ya ninka har ya wuce. Babu sauran kanta, babu 'yan kunne. Audi ya ce ta bari a yi babbar salla, in an samu aikin fiɗa da yawa zai san abin yi. Salla ta zo ta wuce, abin da ya samu ya tafi a hatsi da maganin hawan jininsa. Bai sake tayar da maganar ba, ita ma ba ta tuna masa ba. Halimatussa'adiyya ta yi alkawarin in ta canza waya za ta aiko mata da tsohuwar, amma tana da 'ya'ya huɗu da miji mai ƙaramin albashi, Wasila ta san ba canzawar za a yi ba. Kafin shekara ta zagayo aka yi wa mijin Adawiyya canjin wurin aiki zuwa Abuja. Ta zo sallama da turmin atamfa, suka yi kuka tare, bayan nan sai gaisuwar salla a waya.

Yanzu Wasila yajin tsire take dakawa. Audi ke karɓo mata aikin daga abokan sana'arsa, ta soya ƙuli ta daka da barkono da citta, ta ɗaura a leda. Barkonon yana ƙara wa idonta ciwo, likita ya ce ta bari, ta ce to. Matan da ke gidan da maƙwabta yawanci sababbin zuwa ne, ba su san ta da wata sana'a ba sai wannan. Iya mai yaji suke ce mata. In sun taru da yamma a tsakar gida kowacce da wayarta a hannu, wani lokaci gardama ta kaure kan wani labari da suke bi, takan tsaya da dakan ta kasa kunne. Ba ta sa baki, don ba ta san mutanen da ake magana a kansu ba.

Kwanan baya ta dawo daga asibiti da maganin ɗigawa a ido. Ta zauna bakin ƙofa tana juya kwalin, tana nisanta shi tana kusanto da shi, don rubutun ƙanana ne ƙwarai kuma tabaran ya daina yi mata aiki. Wata amarya da ta tare a gidan ba da jimawa ba tana wucewa da bokiti ta gan ta, ta ajiye bokitin ta matso cikin ladabi.

Ta ce, "Iya, kawo in karanta miki. Ai boko na, ba kowa ka gane shi ba."

Wasila ta ɗaga kai ta dube ta. Yarinyar ba da raini ta faɗa ba, taimako take nufi. Sai ta miƙa mata kwalin. Amaryar ta karanta mata a hankali, tana bin kalmomin da yatsa, ta maimaita mata don kada ta manta. Wasila ta yi mata godiya, ta sa mata albarka, ta tashi ta koma wurin turminta.